Malam Usur da Tokar Ceto

Sunan da iyayensa suka raɗa masa Barnabas ne, amma a unguwar Gidan Dare ba kowa ya san haka ba. Malam Usur ake ce masa, saboda usur ɗin da ke rataye a wuyansa tun lokacin da aka turo shi koyarwa firamaren gwamnati ta unguwar. Da shi yake shiga aji, da shi yake zuwa kasuwa. Matarsa Talatu ta ce ranar Lahadi kaɗai yake cire shi, ita ma sai sun kai ƙofar majami'a.

Iyayensa mutanen ƙasar Zuru ne. Aikin asibiti ya kawo mahaifinsa Sakkwato, a nan aka haifi Barnabas, a nan ya yi karatu har ya samu takardar malanta. Shi ya sa in ya buɗe baki ba ka raba Hausarsa da ta ɗan Ƙofar Kware. A takarda malamin lissafi ne na aji huɗu. Wasanni kuwa ba wanda ya ɗora masa. Ya tarar babu mai kula da su, ya ɗauka, ba a kuma samu wanda ya karɓe ba har furfura ta cika masa kai.

Makarantar ba ta da abin alfahari da yawa. Yara sun fi ƙarfin azuzuwa, benci ya yi kaɗan, tagogi sun daɗe da rabuwa da marafansu. Amma tana da fili, babba, daga bayan ofis har bakin titi, da dogon yaro a jere ta gefen gabas. A filin nan ake gasar gidaje kowace shekara kafin zafi ya kankama: Jan Gida, Koren Gida, Shuɗin Gida da Gidan Ruwan Ɗorawa. Akwai tseren gudu, da tseren buhu, da jan igiya, a rufe da ƙwallo. Duk wanda ya yi karatu a makarantar, ko ya manta sunan malamin Turancinsa, ba ya manta gidan da ya yi wa gudu.

Layukan tsere da toka Malam yake ja. Ba kowace toka ba. Ta kara ba ta da nauyi, iska kaɗan ta kwashe ta. Ta itace yake so, fara, wadda ta huce ta kwana. Sai ya tankaɗe ta da rariya, ya yayyafa wa ƙasa ruwa, ya ja igiya daga turke zuwa turke, sannan ya bi igiyar a sunkuye da gwangwanin da ya huda wa gindi. In ya gama, daga bakin titi kana hango filin kamar an yi masa zane da alli.

Tara tokar kuwa aikin Talatu ne, domin namiji ba ya shiga gidajen unguwa. Ita ke ɗaukar bokiti ta bi gida gida, ta gaisa da matan, ta yi wa mai jego barka, ta duba mai ciwo, ta fito da toka. Matan sun san lokacin, wasu ma tun kafin ta zo suke tara mata a tsohon kwano bayan murhu. Haka suka yi shekara da shekaru, makaranta ba ta taɓa sayen farar ƙasa ba.

Ummukulthum ce ta saka Malam a zauren tsofaffin ɗalibai na WhatsApp. Ma'aikaciyar jinya ce yanzu, amma a zamaninta ita ke ɗaukar wa Koren Gida tseren 'yan mata, babu mai ganin ƙeyarta. Ita ta buɗe zauren don sanar da aure da suna da rasuwa. Ba a jima ba ya koma majalisa. Da safe siyasa, da rana tsadar shinkafa, ranar da aka buga wasa a Ingila kuwa sai wanda ya kashe wayarsa zai huta.

Malam ba ya rubutu, yatsunsa sun yi wa allon wayar kauri. Murya yake turawa, doguwa, yana farawa da gaisuwa yana ƙarewa da gargaɗi. Kuma ba ya jin kunyar musu da yaran da ya taɓa kora daga fili saboda rashin takalmi. Babban abokin musunsa Saifullah, ɗan gidan malamai, jami'i a sakatariya, wanda tun yana aji huɗu bakinsa ya fi ƙafarsa gudu. A ƙwallon Ingila Malam yana bayan masu jar riga, Saifullah yana bayan masu shuɗiya. Duk abin da ɗaya ya ce fari ne, ɗayan zai nemo masa baƙi.

Wata rana aka shigo da labarin cewa gwamnati na shawarar ba wasu manyan kamfanoni da suka durƙushe tallafin ceto. Zaure ya kama da wuta. Saifullah ya rubuta cewa in aka bar su suka mutu, dubban magidanta ne za su koma gida ba aiki, kuma wanda bai taɓa biyan albashin kowa ba ba zai gane ba. Wani ya ce manyan ne za su raba a tsakaninsu. Wata ta tambaya ko akwai ranar da za a ceto makarantun gwamnati, ko su ba kamfani ba ne. Sai ga muryar Malam ta shigo.

"Salamu alaikum jama'ar zaure, barkanku da rana. Saifullahi, saurara ka ji. Ni in yaro ya hwaɗi tsakar tsere ban taɓa ɗaukar shi in kai shi layin ƙarshe ba. Shi tashi shi kakkaɓe shi ci gaba. Wanga ceto lalata mutane shika yi. Duk wanda ba ya iya tsayuwa da ƙafarshi a bar shi shi hwaɗi. Dube ni, tun da nike jan layi cikin hilin nan, ka taɓa jin na tahi ma'aikata roƙo? Ni Barnabas, ranar da kunka ji na miƙa hannu ina neman ceto, ku karɓe usur wanga ku ba wani."

Aka yi ta turo hoton tafi. Saifullah ya rubuta, "Mun ji, Malam. Allah shi ja da rai." Malam ya ɗauka ya yi nasara, ranar har da ƙarin tuwo.

Abin da bai sa a lissafi ba shi ne filin kansa yana cikin haɗari. Shekara biyu a jere ba a yi gasa ba. Ta farko ciwon gwiwa ya kwantar da shi, ta biyu lokacin ya faɗa cikin azumi aka ɗaga, ba a sake waiwayar maganar ba. Ana cikin haka iskar farkon damina ta yaye kwanon aji shida. Aka rubuta wa hukuma, aka zo aka duba, aka tafi. Tun daga nan 'yan aji shida a gindin dogon yaro suke karatu.

Alhaji Ƙasimu, dillalin albasa kuma shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, shi ya kawo shawara. Ya ce tun da fili yana zaune ba a komai da shi sai kiwon awakin unguwa, a nemi izini a yanka shi daga bakin titi a gina shaguna, abin da aka samu na haya a rufe aji da shi, a sayi benci. Mutane da yawa suka ga hikimar abin. In aka yi haka, abin da zai rage bai isa tseren buhu ba.

Shugabar makaranta, Malama Zulaihatu, ta kira Malam ofis ta gaya masa ba ɓoye-ɓoye.

"Malam, ni ina son hilin nan, amma ba ni da abin da zan riƙe in kare shi. Taron iyaye na nan ƙarshen zango. In anka yi gasa iyaye sunka gani da idonsu, ina da bakin magana. In ba a yi ba, shawarar Alhaji za ta wuce, kuma ba zan ce ya yi laihi ba."

Malam ya ce za a yi, ta sa rana.

Washegari Talatu ta ɗauki bokiti. Gidan farko, uwar gidan ta ja ta har madafa tana murna, ta nuna mata tukunyar gas da ɗanta ya aiko mata. Murhun duwatsun ma an kwashe, an ɗora randa a wurin. Gida na biyu gawayi suke amfani da shi, tokar yini ba ta cika tafin hannu ba. Gida na uku suna hura itace, amma itacen ya yi tsada, ɗan abin da ya samu da shi suke wanke tukwane. Ta yi kwanaki tana zagaye. Abin da ta haɗa gaba ɗaya, Malam ya tankaɗe shi, bai isa layi biyu ba.

Ya je wani gidan burodi da ya sani a bakin hanya, aka ce masu lambun fadama sun riga shi, su ke kwashe tokar duk mako. Ya tambayi farar ƙasa a kasuwa, ya ga yawan da fili zai ci ya fi ƙarfin aljihunsa, makaranta kuma allin rubutu ma da ƙyar. Ya gwada jan layi da sanda a kan ƙasa. Yara suka fito tara suka bi ta kai, kafin a koma aji babu alamar komai. Tsere ba layi kuwa ya taɓa gwada shi yana sabon malami, aka tashi da faɗa tsakanin iyaye kan wanda ya shiga gaban wani.

Ya dawo gida da yamma ya zauna a kan tabarma bai ko cire takalmi ba. Talatu ta ajiye masa ruwa ta tsaya a kansa.

"Baban Favour, ba ka da ɗaruruwan yara cikin wayar nan? Ka gaya musu mana."

"Ba za ki gane ba."

"Na gane sarai. Ina wanke-wanke ka yi ta ihu a waya kana rantsuwa da usur. Har maƙwabta sun ji."

"To kin gani. In na buɗe baki Saifullahi ba zai bar ni in sha ruwa garin nan ba."

"Kai da ka ce ba ka taɓa roƙo ba, ni mi nike yi da bokiti gidajen mutane duk shekarun nan? Yawon gaisuwa?"

Bai taɓa kallon abin ta nan ba. A wurinsa toka abu ne da ake zubarwa, Talatu na taimakon mata da shara ne. Ya sha ruwan, ya ce zai yi tunani. Ta ce ya yi da sauri, rana ba ta jiran tunaninsa.

Sai da ya ƙara kwana biyu. Ranar da ya yanke shawara, lokacin tara ne, yana zaune a gindin dogon yaro kusa da allon 'yan aji shida. Ya danna ya yi magana ya goge. Ya sake, ya ji ya yi tsawo, ya goge. A ƙarshe ya tura mafi gajartar muryar da ya taɓa turawa.

"Salamu alaikum. Barnabas na. Ana son yanka hilin makaranta a yi shaguna in ba a yi gasa ba zangon nan. Ba ni da tokar jan layi, unguwa ta koma gas. Duk wanda ke da hanyar tokar itace shi taimaka. Na gode."

Ya kife wayar a kan cinya. Bai kai ga miƙewa ba ta fara rawa.

Abu na farko da Saifullah ya yi, ya nemo tsohuwar muryar nan ta rantsuwa ya sake turo ta, ba tare da ya ƙara ko kalma ɗaya ba. Sannan ya rubuta, "Jama'a, wani babban kamfani ya durƙushe Gidan Dare. Ina masu cewa a bar shi shi hwaɗi?"

Dariya ta cika zaure. Wani ya ce a kawo usur yanzu yanzu, shi ya daɗe yana sha'awar shi. Wani ya ce a'a, toka ba ceto ba ce, sadaka ce. Aka ce to mene ne bambancin. Wani lauya a cikinsu ya yi dogon bayani cewa ceto sai da hannun gwamnati, Saifullah ya ce ai shi ma'aikacin gwamnati ne, duk tokar da ta bi ta hannunsa ta zama ceto. Ummukulthum ta rubuta, "Ku ji tsoron Allah, mutumen nan shi ya ɗaure mini ƙafa ranar da na gurɗe. Ku gama tsiyarku ku kawo toka."

Malam ya saurara, ya karanta. Ya turo murya: "Saifullahi, ka ci wagga. Usur na nan, zo ka karɓa."

"Haba Malam, wa zai iya hura shi? Amma ceto ba ya zuwa sai da sharaɗi, ko'ina cikin duniya haka anka saba. Kwamiti ya zauna. Za ka riƙe usur, amma ranar gasa shuɗiyar riga za ka sa, tun daga buɗewa har rufewa. Ni zan kawo ta."

"Wane kwamiti?"

"Ni na kwamitin, Malam."

Ana cikin wannan raha Alhaji Ƙasimu ya shigo. Shi ma tsohon ɗalibi ne, ya gama tun kafin zuwan Malam, kuma ba kasafai yake magana a zaure ba. Muryarsa ba wasa a ciki.

"Malam, ina gaisuwa. Kada a ɗauka ƙin hili nike yi. Ni ma Jan Gida na yi wa jan igiya. Amma ɗiyata na aji shida, tun damina ƙasa suke zaune, rana na bin su suna ja da baya. Kullum nan ana zagin gwamnati ba ta gyara makaranta, to mun zage ta, kwano bai dawo ba. Gudu na yini ɗaya na, karatu na kullum. In kuna da wata hanya ku hwaɗa min, in janye."

Malam ya ɗaga kai ya dubi allon da aka jingine da bishiya, da yaran da ke dawowa suna neman inuwa. Sannan ya danna.

"Alhaji, gaskiya ka hwaɗi. Wanga ba ni da amsar shi. Abin da na sani, in anka gina shago ba a sake rushe shi. Ka bar ni in yi gasar, iyaye su gani, su zaɓa."

Alhaji ya ce ya yarda da haka.

Ranar Asabar da hantsi toka ta fara isowa. Mace ta farko da ta zo mai tuyar waina ce daga can cikin gari, wadda ƙanwarta ke zaure, ta ɗauko tata a daro. Wani mai balangu ya aiko da tasa, tana ƙamshin nama, Malam ya ce in aka ja layi da ita karnukan unguwa za su lashe tseren kafin yara. Wani kuma ya kawo baƙar toka ta inda ake babbakar ƙafafun shanu da taya. Malam ya yi masa godiya sosai, ya sa aka ajiye ta can bayan ban ɗaki.

Babban kaso daga wurin Dodo ya fito. Malam ya tuna shi, ƙaton yaro mai riƙe ƙarshen igiyar Shuɗin Gida, amma bai san yanzu yana da gidan burodi a Ƙofar Kware ba. Dodo ya hana masu lambu tokar mako guda, ya ce wannan ta Malam ce. Saifullah ya ce shi zai ɗauko da motarsa, don a shaida ta hannun gwamnati ta biyo.

Sai dai Saifullah tun da aka haife shi bai taɓa hura wuta ba. Ya isa gidan burodin ya tarar Dodo ya fita sayen gari. Ya ga tsohuwar toka an tara a gefe ta yi duhu da raɓa, ya ga wata fara tas a bakin tanda, ya ce ai Malam fara yake so. Ma'aikatan suka ce ba ta huce ba. Ya taɓa samanta ya ji sanyi, ya ce su loda kawai, sauri yake. Suka loda masa a buhunan leda suka rufe bayan mota.

Malam na tsaye a bakin fili ya hango mota ta shigo ƙofar makaranta hayaƙi na bin ta. Ya hura usur da dukan ƙarfinsa, yana ɗaga hannu. Saifullah ya leƙo ta taga yana murmushi yana ɗaga masa hannu shi ma, ya zaci tarba ce.

"Fito! Motarka na ci da wuta!"

Aka buɗe baya. Buhunan sun narke, garwashin da ke kwance cikin tokar ya kama shimfiɗar motar. Ruwan da aka tara na yayyafin fili shi aka kwarara. Wuta ta mutu, Saifullah ya tsaya farar shaddarsa ta koma ruwan toka, yana kallon ramin da ya ɓulla a bayan motarsa.

Malam ya dafa kafaɗarsa. "Sannu, ɗana. Ba ka ƙone ba?"

"Lahiya lau, Malam. Don Allah kada maganar nan ta shiga zaure."

Ummukulthum da ke tsaye a gefe ta ɗago wayarta. "Ta riga ta shiga."

Dodo ya kawo sauran tokar da kansa a keke mai ƙafa uku, yana dariya har da riƙe ciki. Bayan la'asar aka kama aiki. Manyan mutane, masu ofis da masu shago, suka naɗe hannun riga suna tankaɗe. Talatu ta zauna a kan benci tana ba da umarni, ta ce yau ita hutu take. Gwiwar Malam ba ta barinsa ya daɗe a sunkuye, don haka Dodo ya karɓi gwangwanin, Malam na bin sa yana cewa ya rage hannu. Alhaji Ƙasimu ya biyo ta hanyarsa daga kasuwa, ya tsaya kallo, aka rasa mai riƙe ƙarshen igiya ya riƙe. Yana riƙe yana nuna wa Malam inda shagunan za su tsaya in an yi su, Malam na cewa ya ja igiyar ta miƙe.

Ranar gasa iyaye suka cika gindin bishiyoyi, mata a gefe guda da laimominsu, masu ƙanƙara da masu rake a bakin ƙofa. Malam ya fito cikin shuɗiyar riga da ta matse masa ciki, tsofaffin ɗalibai suka tashi da sowa. Bai kula su ba. Ya jera yaran farko a kan layi, ya duba ƙafafunsu ɗaya bayan ɗaya, ya hura. Yaran aji ɗaya da aji biyu ba su taɓa ganin gasa ba, wasu da jin usur suka ruga wajen iyayensu maimakon gaba. Koren Gida ya ɗauki tseren 'yan mata, Ummukulthum ta shiga fili ta ɗaga yarinyar sama. A jan igiya 'yar Alhaji Ƙasimu na cikin Jan Gida, aka ga Alhaji ya tattare babbar riga yana ihu yana buga ƙafa. Aka kayar da su duk da haka.

Taron iyaye ya yi zafi. Aka daɗe ana ja, kuma waɗanda suka goyi bayan shaguna ba kaɗan ba ne. Da Malama Zulaihatu ta ce a ɗaga hannu, masu son a bar fili suka rinjaya da ɗan kaɗan. Aka bar shi. Aji shida kuwa yana nan a buɗe. Zaure ya ɗauki maganar kwanon, wasu sun ce a haɗa hannu a rufe, wasu sun ce in aka yi haka an ɗauke wa gwamnati nauyinta, kuma har yanzu ba a gama wannan musun ba. Malam yana ciki, amma muryoyinsa sun ɗan rage tsawo.

Bai yarda ya yi godiya ta waya kawai ba. Mako guda ya ɗauka yana bin mutane ban gajiya bayan an tashi makaranta, shi da Talatu a kan babur. Suka je wurin mai waina, suka je wurin mai balangu, har da wanda ya kawo baƙar toka. Dodo ya cika musu leda da burodi ya ce duk shekara a turo kawai, amma ban da Saifullah. A gidan su Saifullah mahaifinsa, dattijon malami, ya sa aka shimfiɗa wa Malam buzu a zauren gidan, ya ce ya gode da ya koya wa ɗansa abin da shi bai koya masa ba game da wuta.

Alhaji Ƙasimu ne Malam ya bari ƙarshe, don bai san yadda zai same shi ba. Ya tarar da shi a rumfarsa cikin buhunan albasa. Alhaji ya miƙe ya ba shi kujerarsa, ya aika a kawo ruwan sanyi.

"Alhaji, na zo ban gajiya. Ka riƙe min igiya alhali ba ra'ayinka na ba."

"Ba komai, Malam. An kada ni taro, na karɓa. Amma ka ji da kyau, in hadarin farko ya taso ɗiyan mutane na waje, zan sake tada maganar shaguna."

"In ta kai haka ba zan ga laihinka ba. Gobe zan tahi ma'aikatar ilimi kan batun kwanon. Ko za ka raka ni? Kai sun fi jin nauyinka."

Alhaji ya dube shi sama da ƙasa. "Kai da kanka za ka tahi ma'aikata?"

"Da ƙafata."

"To biyo min da sahe. Amma motata za mu shiga, ba na hawan babur ɗin nan naka."